Daga Su Zuwa Gasa: Waiwaye a Kan Tarihin Kamun Kifi a Ƙasar Kabi

1.0 Gabatarwa

A littattafan makaranta da takardun da ake raba wa baƙi masu yawon buɗe ido, kusan jimla ɗaya ce ake ta maimaitawa a kan bikin kamun kifi na Argungu, wato an fara shi ne a shekarar 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara garin. Wannan magana gaskiya ce, amma gutsuren gaskiya ce. Abin da aka fara a 1934 shi ne shirya su domin baƙo ya zauna ya yi kallo. Shi kuwa su ɗin kansa, da dokokinsa da sarautunsa da kayan aikinsa, ya girmi wannan shekara da ƙarnoni.

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda wata sana'a ta neman abinci ta rikiɗe ta zama wasa da gasa, tare da duban abin da wannan rikiɗa ta haifar ga harshe. Mun zaɓi ƙasar Kabi ne saboda a nan ne sana'ar su ta fi yin tasiri ga sarauta da tattalin arziki a duk faɗin ƙasar Hausa, kuma a nan ne aka fi samun rubutattun bayanai. P. G. Harris, wani jami'in mulkin mallaka da ya yi aiki a Lardin Sakkwato, ya yi rubutu a kan Yawuri a 1930, sannan a kan masuntan Kabi a 1942. Jean Rouch ya yi nasa a kan Sarkawa a 1950, shi kuma M. B. Alkali ya rubuta kundinsa a kan Kabi ta ƙarni na 19 a Jami'ar Ahmadu Bello a 1969. Batun ya shafi masu nazarin harshe kai tsaye, domin kalmomin sana'a ba sa rayuwa a cikin ƙamus kaɗai. Suna rayuwa ne a bakin masu yin sana'ar, idan kuwa yadda ake yin ta ya sauya, to kalmomin ma sukan bi.

2.0 "Su" da "Kamun Kifi"

Ya kamata mu fara da ita kalmar. Hausa tana da suna guda na asali ga wannan sana'a, wato su, mai dogon wasali da faɗaɗɗen karin sauti, wanda hakan ne ya bambanta shi da wakilin suna su mai karin sama. Mai yin sana'ar shi ne masunci, jam'i masunta, inda muke ganin /t/ ta koma /c/ a gaban wasalin /i/ kamar yadda aka saba gani a mahauci da mahauta. Samun kalma mai gaɓa ɗaya da ta haifi sunan mai aiki ta wannan hanya alama ce ta daɗewa a cikin harshe.

Ita kuwa "kamun kifi" siffantawa ce kawai. Yaron da ya tsoma hannu a kududdufi ya damƙo tarwaɗa ya yi kamun kifi, amma bai zama masunci ba. Abin lura shi ne a rediyo da jaridu, wannan siffantawa ce ta mamaye wurin tsohuwar kalmar, har ya zama da wuya a ji an ce "sun Argungu". Abin da ake ji shi ne "bikin kamun kifi" ko "gasar kamun kifi", kuma duk wanda ya san Ingilishi zai gane cewa fassara ce daga sunan da hukuma ta ba taron. A ganinmu, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kalmar su tana ɗauke da ma'anar gado da izini da lokaci, alhali "kamun kifi" ba ta ɗauke da ko ɗaya daga cikinsu.

Akwai kuma wani giɓi da ya cancanci a ambata. Ingilishi yana da kalma ta musamman ga kamun kifi da fatsa domin shaƙatawa, kuma tun a 1653 Izaak Walton ya wallafa littafi sukutum a Ingila a kan wannan ɗabi'a. A ƙasashe masu tsananin sanyi irin su Kanada da Finlan da arewacin Amurka, mutum yakan taka saman tabkin da ya daskare, ya huda ƙanƙara, ya zura fatsa ya zauna yini guda, ba don gidansa ya rasa cefane ba. Suna ma da ƙa'idar da suke koya wa juna, cewa kada a taka ƙanƙarar da kaurinta bai kai kimanin santimita 10 ba. Hausa ba ta da kalma guda ga irin wannan aiki, domin al'ummar ba ta ware shi a matsayin wani abu na daban ba. Fatsa a ƙasar Hausa ko dai aikin yara ce, ko ta mai neman na miya. Wannan ba ya nufin babu nishaɗi a cikin su. Nishaɗin Bahaushe a ruwa na taro ne, da kiɗa da kirari da ihu, kuma a cikin aikin yake, ba a gefensa ba.

3.0 Kabi da Ruwanta

Ba za a fahimci tarihin Kabi ba sai an dubi yanayin ƙasar. Gulbin Rima da na Sakkwato suna haɗuwa kusa da birnin Sakkwato, su gangara yamma, sannan su karkata kudu ta Argungu da Birnin Kabi, kafin su faɗa Kwara. A tsakanin nan ruwan yana ratsa wata fadama mai faɗin gaske, wadda kan cika da damina ta zama kamar teku, idan rani ya yi kuma ta janye ta bar tafkuna da gurabe masu zurfi. Shinkafa da kifi su ne arzikin wannan kwari tun fil azal.

A farkon ƙarni na 16 ne Muhammadu Kanta ya kafa daular Kabi. Littafin Tarikh al-Sudan ya kawo labarin yadda ya ɓata da Askiya Muhammadu na Songhai a kan rabon ganima bayan yaƙin Agadas, wajen shekarar 1516, ya kuma tsaya da ƙafarsa. Kufan birninsa, Surame, yana nan har yau da ganuwarsa ta duwatsu. Ruwayoyin baka suna ba da labarin wani ƙaton jirgin ruwa na Kanta da aka lulluɓe da tagulla. Ko yaya gaskiyar siffar jirgin take, ruwayar tana nuna cewa Kabawa suna tuna babban sarkinsu a kan ruwa, alhali sauran ƙasashen Hausa a kan doki suke tuna nasu.

Wannan alaƙa da Songhai ita ce ta kawo mu ga Sarkawa. A daular Songhai, Sorko su ne ma'abota kogi: su ne masunta, su ne maharban dorina da ayu, su ne kuma masu jiragen da sarki ke dogara da su wajen yaƙi da sufuri. Suna danganta kansu ga wani kaka na almara mai suna Faran Maka. Waɗanda suka gangaro ƙasar Kabi da Yawuri sun saje da mutanen wurin, harshensu ya koma Hausa, sunansu kuma ya karɓi ɗafin jam'i na -awa, aka sami Sorkawa ko Sarkawa. Kamannin wannan suna da kalmar sarki ya sa wasu ke ɗauka tushensu ɗaya, musamman da yake ana jin Sarkin Ruwa a tare da su. Mu dai muna ganin dacen sauti ne kawai, kuma bayanin da ya danganta sunan da Sorko shi ya fi ƙarfi.

Rouch ya nuna cewa a tsakiyar ƙarni na 20 waɗannan masunta masu magana da Hausa sukan hau Kwara da jiragensu har cikin ƙasar da ake kira Mali a yau, su yi su na watanni, su yi banda, su sauko da ita kasuwannin kudu. Ke nan, jikokin waɗanda suka gangaro daga Songhai sun koma can da wani harshe a bakinsu. Masu nazarin yaɗuwar Hausa sun fi mayar da hankali ga fatake da 'yan koli da malamai, ba kasafai ake sa masunci a wannan lissafi ba, alhali ya kai harshen wuraren da jaki bai taɓa zuwa ba.

4.0 Dokar Ruwa da Hikimar Masunta

A tsarin gargajiya, ruwa yana da mai shi. Manyan gurabe na kusa da Argungu, irin su Matan Fada da Mala da Gamji, ba a shiga su sai da izini. Sarkin Ruwa shi ne mai kula da lafiyar ruwan, Homa kuma shugaba ne a cikin masunta, kuma sunan sarautarsa ɗaya ne da sunan ragar da aka san Kabawa da ita. Kafin a buɗe su akan yi gyaran ruwa, wato wasu al'adu na neman kariya daga kada da iskokin da aka yi imani suna zaune a gurbin, sannan a yi fashin ruwa, wanda shi ne buɗewar kanta. Jama'a sun yi imani cewa Sarkin Ruwa yana iya sa kadoji su kauce har a gama. Da Musulunci ya ƙara kafuwa, da yawa daga cikin waɗannan al'adu sun koma addu'a da sadaka, amma sunayensu ba su sauya ba.

Idan aka ajiye batun iskoki a gefe, za a ga cewa dokar tana tafiya daidai da rayuwar kifi. Yawancin kifayen kogunan nan da damina suke hayayyafa. Ruwa na cika sai su fantsama cikin fadama, su zuba ƙwai a cikin ciyawa, 'ya'yan su sami abinci da maɓoya. Idan ruwa ya fara janyewa bayan kaka, sai manya da ƙanana su koma gurabe masu zurfi su taru. Wanda ya hana shiga gurbi har sai rani ya yi nisa, ya ba ƙananan damar girma, ya kuma tabbatar da cewa ranar da za a shiga kowa zai samu. Shi ya sa fashin ruwa ke zuwa a wajen watan Fabrairu ko Maris. Babu wanda ya karanta ilimin halittu a cikin waɗanda suka kafa wannan doka, amma da Gwamnatin Tarayya ta zo yin tata dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa, wato Doka ta 108 ta 1992, manufarta ba ta wuce wannan ba: a bar ƙarami ya girma, a hana abin da ke kashe ruwa gaba ɗaya.

Kayan aikin ma abin nazari ne. Homa raga ce da aka ɗaura a jikin lanƙwasasshen itace, masunci yakan riƙe biyu, ɗaya a kowane hannu, ya buɗe su a cikin ruwa sannan ya haɗe bakinsu a kan kifi. Dangin abin da mutanen gabas ke kira koma ce, wadda ta shiga karin maganar nan ta "kifi na ganinka mai jar koma". Abokin tafiyarta shi ne gora, wato ƙaton duma da aka huda samansa. Masunci yakan kifa cikinsa a kai ya yi iyo, abin da ya kama kuma ya jefa a ciki, ke nan jirgi ne kuma ma'aji. Ban da waɗannan akwai taru, doguwar ragar da mutane da yawa ke ja, da birgi da ake wurgawa ta buɗe kamar laima, da mamari, wato igiya mai ɗaruruwan ƙugiyoyi, da gura da ake saƙawa a girke a mashigar ruwa, da zago na sukar manyan dabbobin ruwa. Kafin zuwan zaren roba a tsakiyar ƙarni na 20, da zaren tsirrai ake saƙa raga, musamman rama da wani irin wake da ake nomawa domin zarensa, wanda ake kira yawa. Zuwan zaren roba ya sauƙaƙa aiki ƙwarai, amma ya kashe noman yawa, kuma a yau ɗalibin Hausa da zai ji kalmar zai ɗauka kishiyar kaɗan ake nufi.

A fagen sunayen kifi ne harshen ya fi nuna wadatarsa. Giwan ruwa shi ne sarki, yana iya haura kilo 100. Akwai tarwaɗa da babban ɗan'uwanta ramboshi, da ƙurungu mai ƙaya wanda kan yi gurnani idan an fito da shi, da yauni mai dogon jiki, da tsage mai haƙora kamar na kare, da kawara, da faliya, da burdo. Akwai minjirya wadda kan girgiza duk wanda ya taɓa ta, domin jikinta na fitar da lantarki, da talibambam mai kumbura ciki idan ya ji tsoro. Akwai gaiwa, wadda kan shige cikin laka idan tafki ya ƙafe, ta yi watanni a can tana numfashi da huhu har ruwa ya dawo. Hausawa sun ce jikinta take ci, kuma binciken kimiyya bai ƙaryata su ba, domin da naman jikinta take rayuwa a wannan lokaci. Wani kifin kuma suna biyu gare shi gwargwadon wuri: karfasa da gargaza, bargi da balli, gaiwa da maimama. Ita kanta kalmar kifi, a bakin mutanen yamma kihi ce.

Aikin ba ya ƙarewa a bakin gulbi. Kifi ba ya jure zafin ƙasarmu, kafin yini ya ƙare ya fara lalacewa, don haka banda ita ce rabin sana'ar. Babban kifi akan yanka shi gunduwa-gunduwa, tarwaɗa kuma a naɗe ta a soke da tsinke, a jera a kan wuta marar harshe, hayaƙi ya ratsa a hankali ana juyawa. Wutar da ta yi yawa takan ƙona baya ta bar ciki ɗanye, bayan kwana kaɗan sai tsutsa. Ƙananan kifaye kuwa shanya su ake yi a rana. Uwargida da ta san kifi ba ta tambayar mai sayarwa yaushe aka kama, sai ta ɗaga marfin kunnensa: idan cikin ja ne wur, idon kuma garau, to na yau ne.

5.0 Ƙarnin Gaba da Ziyarar 1934

A 1805 rundunar jihadi ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci Birnin Kabi. Wani ɓangare na gidan sarautar bai miƙa wuya ba. Sama'ila Karari ya ci gaba da turjiya daga Argungu har aka kashe shi a 1831. Ɗansa Yakubu Nabame, bayan ya yi shekaru a tsare a Sakkwato, ya sake ɗaga tutar tawaye a 1849 tare da goyon bayan Arawa da Zabarmawa. Daga nan har zuwan Turawa, in ban da 'yan shekarun sulhun da aka fi sani da Lafiyar Toga, tsakanin Argungu da Gwandu da Sakkwato sai hari da ramuwa. Sarkin Kabi Sama'ila, wanda ya yi sarauta daga 1883 zuwa 1915, ya yi suna wajen kai hare-hare, kuma yaƙin da Sarkin Musulmi Abdurrahman ya kai Argungu a farkon shekarun 1890 bai yi nasara ba.

A nan ma ruwa ya taka rawa. Ƙarfin rundunonin wancan zamani a kan doki yake, doki kuwa ba ya son laka. Fadamar da ke ciyar da Kabawa ita ce kuma ganuwarsu ta biyu, mutanen da suka san mashigai da gurabe su ne masunta. Saboda haka su a Argungu ta ƙarni na 19 ya wuce neman abinci, yana cikin abubuwan da suka riƙe ƙasar.

Turawan Ingila sun shiga Argungu a 1902 ba tare da yaƙi ba, suka ci Sakkwato a 1903, suka haɗa tsofaffin abokan gaba a lardi ɗaya. Amma haɗa mutane a takarda daban, sulhun zuciya daban. Sai bayan shekara talatin da ɗoriya ne wani Sarkin Musulmi ya taka Argungu a matsayin baƙo. Abin da ya kamata a tsaya a kai shi ne zaɓin da Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya yi na abin da zai nuna wa baƙonsa. Hawan dawaki shi ne abin da aka saba tarbar manya da shi, amma Sakkwato ba ta rasa dawaki ba, kuma jerin mahaya da masu a gaban jikan Shehu zai iya tuno da abin da ake so a manta. Su kuwa abu ne na Kabawa, babu makamin yaƙi a cikinsa, amma yana nuna yawan jama'a da ƙarfinsu da biyayyarsu ga umarni guda. Muna ganin wannan zaɓi siyasa ce mai zurfi. Wani dacen tarihi kuma shi ne a wannan shekara ta 1934 ne aka buga ƙamusun Bargery, wanda ya tattara kalmomin sana'o'in Hausa, har da na su, a daidai lokacin da sana'ar ke shirin sauya fuska.

6.0 Zuwan Sikeli

Daga 1934 taron ya riƙa bunƙasa a hannun masarauta da En'e, daga baya gwamnati ta shigo. A 1970 Shugaban Ƙasa Janar Yakubu Gowon ya halarta tare da Shugaba Diori Hamani na Nijar, kuma daga nan ne sunan bikin ya fita duniya. Aka ƙara masa nunin amfanin gona da kokawa da dambe. Wasannin ruwa irin su tseren kwalekwale da nutso da kamun agwagwar ruwa da kamun kifi da hannu aka tara su ƙarƙashin suna guda, Kabanci. Wannan suna abin sha'awa ne ga mai nazarin ginin kalma, domin ɗafin -anci da ke ba mu sunan karin harshe, kamar Kananci da Sakkwatanci, shi ne kuma ke nuna ɗabi'a da salon mutane. Ke nan Kabanci maganar Kabawa ce, kuma iya ruwansu ne. Da aka ƙirƙiro Jihar Kabi a 1991, bikin ya zama babbar alamar da jihar ke tinƙaho da ita.

Babban sauyin da ya auku, a namu ra'ayi, shi ne shigowar sikeli. A sun gargajiya, nasara ita ce gari ya ƙoshi, a ba sarki nasa, a ba Sarkin Ruwa nasa, sauran a yi banda. A gasa kuwa, dubban masunta ne ke jeruwa a bakin Matan Fada, a harba bindiga, su ruga cikin ruwa, bayan kimanin sa'a guda a auna, mutum ɗaya ya tashi da kyauta. A 2005 kifin da ya ci gasa ya kai kilo 75, a 2020 kuma kilo 78, kyaututtukan kuwa sun haɗa da kuɗi da motoci da kujerun Makka. Ba laifi ba ne masunci ya sami mota, ya ma daɗe da cancantar fiye da haka. Amma idan kyauta ta yi nauyi, dabara takan shigo. A 2008 an karɓe kyautar daga wanda aka fara bayyanawa a matsayin zakara, bisa zargin cewa kifin nasa, mai nauyin kusan kilo 66, matacce ne da aka shigo da shi daga wani ruwan. A ƙarƙashin tsohon tsari wannan ba zai ma yi ma'ana ba, domin babu ribar da mutum zai ci don ya ɗauko kifi daga wani wuri ya kawo gurbin garinsu.

Bayan bikin 2009 an yi shekara goma ba a yi ba, saboda matsalar tsaro da wasu dalilai, sai a watan Maris na 2020 aka dawo da shi. A tsakiyar wannan hutu ne, a 2016, hukumar UNESCO ta sa shi a jerin al'adun gado na duniya.

7.0 Madatsun Ruwa da Makomar Kalmomi

Yayin da bikin ke girma, ruwan da ya haife shi raguwa yake yi. An kammala madatsar Bakolori a kan gulbin Sakkwato a 1978, ta Goronyo kuma a kan Rima a shekarun 1980. Madatsa takan riƙe ruwan damina, ambaliyar da ke shiga fadama ta ragu, wurin hayayyafar kifi ya ƙuntata. Ga kuma farin shekarun 1970 da na 1980. A 2006 sai da aka hana shiga ruwa a bikin saboda ƙarancinsa. A kudu kuwa, madatsar Kainji da aka gama a 1968 ta haifar da tabki mai girma, ta tashi mutane kimanin 44,000, ta haɗiye tsohuwar Busa da tsibiran Gungawa da dama. Kamu ya yi sama ƙwarai a farkon shekarun 1970, masunta suka yi ta kwarara can, kafin ƙarshen shekarun kuma ya faɗi.

Sabon ruwa ya zo da sababbin kaya da sababbin kalmomi. A Kainji aka san dala, ragar ja mai ƙananan idanu da ke kwashe har 'ya'yan kifi. A tabkin Cadi, inda masunta Hausawa da yawa suka koma, aka san gurar Mali da dumba, wato jerin gura da ake tare mashigar ruwa da shi. A da, mai son kamu cikin sauƙi yakan daka ganyen magimfa ya zuba a ƙaramin tafki kifi ya bugu ya taso. Daga baya wasu suka koma ga Gamalin, maganin ƙwarin koko, wanda ke kashe duk abin da ke cikin ruwa ya kuma cutar da mai ci. Harshe dai bai tsaya ba, yana karɓar sabo. Abin tambaya shi ne yawan abin da yake zubarwa.

A ajin da muke koyarwa, nesa da gida, mukan tambayi ɗalibai, har da waɗanda Hausa ce harshensu na farko, su lissafa sunayen kifi. Da wuya a wuce uku: tarwaɗa, karfasa, sai giwan ruwa saboda Argungu. Ba laifinsu ba ne. Kifin da suka sani shi ne tarwaɗar da ake kiwo a tanki da daskararren kifin teku da ake shigowa da shi a kwali. Sun san "kifin rijiya" a matsayin habaici ga wanda bai san duniya ba, amma ba su taɓa ganin yauni ba.

Abin da ke hannunmu a rubuce bai taka kara ya karya ba. Littafin da W. Reed da abokan aikinsa suka fitar a 1967 a kan kifayen Arewacin Nijeriya ya kawo sunayen Hausa tare da na kimiyya, amma masana kifi ne suka rubuta shi, ba su damu da karin sauti ko tsawon wasali ba. Ƙamusoshinmu kuma, daga na Bargery da na Abraham har zuwa Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, sau da yawa bayanin da sukan bayar bai wuce "wani irin kifi" ko "wata irin raga" ba. Ɗaya yana da kifin babu lafazin, ɗaya yana da lafazin babu kifin. Aikin haɗa su yana buƙatar mai nazarin harshe ya zauna tare da ma'aikacin cibiyar binciken kifi ta Sabuwar Busa, su je bakin ruwa da na'urar ɗaukar magana da ta hoto. Kuma ba ranar biki za su je ba, domin a ranar babu mai lokacin kowa, kifi ɗaya ne kawai ake kiran sunansa a lasifika. Lokacin da ya dace shi ne bayan kaka, sa'ad da ruwa ke janyewa ana girka gura a mashigai, kuma mutanen da za a fara nema su ne tsofaffin da ke gyaran raga a inuwa da matan da ke tsaye a kan banda, domin su ne ke rarrabe kifi ɗaya bayan ɗaya, kowanne da sunansa.